Maƙogwaron Motar Surukina

Surukina ya sayi lori shekara guda bayan ya ba ni 'yarsa, kuma har yau ina zargin motar ta riga auren shiga ransa. Direba yake nema wanda ba zai iya buɗe baki a gabansa ba, ya kuwa samu. A lokacin, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, ina tuƙi a wani kamfani a wajen gari. Ina da lasin, ina da kaki mai guga, kuma ba a taɓa cewa ko noti ya ɓata a hannuna ba. Ba ni da gida, ba ni da gona, wannan shaidar ita ce duk abin da na mallaka. Ran nan mahaifina, wanda ɗinki yake yi a Yakasai, ya kira ni ya ce Alhaji, wato surukin nawa, ya aiko, yana so in riƙe masa mota. Ba shawarata aka nema ba. Na ajiye aiki na nufi Madabo, unguwar su Alhaji.

Alhaji tsohon bafatake ne, a bayan jakuna ya yi ƙuruciyarsa, ya sha hanyar Gwanja tun kafin a haife ni. Abu biyu ya koyo a fatauci ya riƙe su gam: dabba in an sakar mata sai ta ci fiye da bukatarta, kuma duk wanda aka ba ajiyar abincin dabba sai ya taɓa. Da ya sayi mota bai ga dalilin sake tunani ba. A wurinsa lori wani ƙaton jaki ne mai shan fetur, ni kuma mai ba shi abinci.

Motar tsohuwar ta soja ce, ta sha wuya kafin ta zo hannunmu, amma injinta lafiya lau. Lungunan Madabo ba sa ɗaukarta, don haka a fili take kwana, kusa da Ƙofar Mazugal. Aikinta ɗauko gyaɗa da gero daga ƙauyukan arewa. Duk ranar da na dawo zan tarar da Alhaji tsaye a filin, riƙe da wani karan dawa da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Kafin ya tambayi hanya, kafin ya dubi kaya, sai ya buɗe tanki ya zura karan, ya zaro, ya kai shi kusa da ido ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi tsaki ya juya. Ban taɓa tsanar wani abu marar rai yadda na tsani karan nan ba.

Abin da karan ba ya faɗa shi ne yashi. Hanyar ƙauyukan nan sunan hanya kawai gare ta, turbar shanu ce. Mota da kaya har sama in ta faɗa rairayi sai ƙaramar giya, inji yana kuka, ita tana jan ciki, fetur yana zuba kamar an huda tulu. Bayani ne na numfashi biyu. Amma wa zai yi shi? Ni dai ban isa ba, suruki ne. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Ba na cin abinci inda yake, ko ruwa ba na sha. In ya yi magana amsata “To, Baba.” Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye, ko ina gabansa sai ya ce da na kusa da shi, “A gaya wa direba.”

A shekarun ne motoci masu shan gas suka fara yawa a hannun manyan kamfanoni. Labari ya cika kasuwar Kurmi cewa suna zuwa inda tamu take zuwa su dawo ba su sha abin kirki ba. Labarin ya hana Alhaji sakat. Sabuwar mota ta fi ƙarfinsa, sai ya shiga neman dabara. Wanda ya kawo masa ita abokin hirarsa ne, wani maƙerin farfaru mai yin zobe da awarwaro, wanda kuma ya yi suna wajen gyaran risho. In risho ya fara zuƙar kananzir yakan ce hudarsa ce ta buɗe, sai ya toshe ta ya sake huda ƙarama. Shi ya ce wa Alhaji ai duk abin da yake shan mai yana da maƙogwaro, a nemo na motar a kawo masa.

Ta nan bai yi ƙarya ba, akwai shi. A cikin kabureta, wato 'yar tukunyar da take gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, akwai wani ɗan ƙarfen tagulla da bai kai kan ɗan yatsa ba, da huda a tsakiyarsa. Mu jet muke ce masa. Fetur ɗin da inji zai sha a kan hanya ta hudar nan yake bi, kuma waɗanda suka ƙera motar auna faɗinta suka yi, ba canka ba. Aka ce a gaya wa direba ya kwanto shi. Da hannuna na kwance, na ƙulle a ƙyalle, na bi bayan Alhaji har maƙera. Ina tsugune maƙerin ya ɗiga azurfa ya liƙe hudar, ya jira ta huce, ya zaɓi allura a cikin gwangwani, ya ga ta yi masa kauri ya sake wata, ya yi ta murza ta har ta ɓulla. Ya ɗaga wa rana ya leƙa, ya ce, “Alhaji, yanzu sai ta sha da ladabi.”

Na san abin da zai biyo baya. Inji in fetur ya yi masa kaɗan iska ta yi yawa, ƙarfinsa raguwa yake yi, ya riƙa ɗaukar zafi har ya cinye kansa. Da na koma gida na ce da matata ta je wurin Inna, mahaifiyarta, a gaya wa Baba in aka bar motar haka injin zai ƙone.

Ta zaro ido. “Malam, ƙonewa fa ka ce? A kunnen Baba?”

“Haka za ki faɗa, kada ki rage komai.”

Daga baya na ji yadda saƙon ya yi tafiya. Ita ta ce wa Inna kamar dai motar ba ta jin daɗin jikinta. Inna ta ce wa Alhaji direba yana gaisuwa, yana roƙon a taya mota da addu'a. Washegari aka aiko mini da laya in rataya a sitiyari.

Sai Alhaji ya shirya gwaji, don shi ba ya yin abu sai da shaidu. Wata Alhamis bayan la'asar aka tsiyaye tanki tas, aka zuba galan guda cif, dattawan zaurensa suka hau baya suka shimfiɗa tabarmi, har da maƙerin. Muka fita ta ƙofa muka ɗau hanyar Katsina, hanya mai tauri, mota ba kaya sai tsofaffin da duk nauyinsu bai wuce na 'yan buhuna ba. Ta yi ta tafiya, ta wuce inda kowa ya zata, kafin ta yi shaƙuwa ta tsaya. Aka yi ta sa wa maƙeri albarka. A nan gefen hanya Alhaji ya zaro wuƙa ya yi wa karansa sabuwar tsaga, ya ce yau ya san ainihin cin motarsa.

Da na koma ɗaukar kaya abin ya fito fili. Tun a yashin farko ta fara tari, allurar zafi ta miƙe, in na taka totur sai ta yi kamar za ta shiɗe. Abu ɗaya ya rage mini. Akwai wani maɓalli kusa da sitiyari, cok, wanda ake ja da sanyin safiya don a rage wa inji iska, fetur ya fi yawa har ya ɗumama. Sai na riƙa jan sa rabi ina tafiya a haka wuni guda. Injin ya sami sa'ida, tarin ya tsaya, amma fetur ya koma zuba kamar da, wata rana ma fiye. Ina ceton motar mutumin nan ina sane da cewa karan dawa yana jirana a fili.

Tafiya uku na yi Alhaji bai ce komai ba sai tsakin da aka saba. Bayan ta huɗu na je gaishe shi da hantsi, na durƙusa a bakin zaure. Zauren cike yake, mutanen gwaji duk suna nan. Ya ɗora karan a cinya ya yi magana, ba da ni ba, da su.

“Jama'a, a gabanku aka auna. Kun ga abin da take sha da idonku. To ga abin da ake cewa ta sha.” Ya nuna wurin da farce. Sannan ya ce, “Mun ɗinke maƙogwaron mota. Ashe ba shi ne mai faɗin ba.”

Wani ya fara dariya ya mai da ita tari. Maƙerin ya sunkuyar da kai yana jan carbi, munafuki. Ni kuwa bakina ya cika da magana, amma abin da ya fito shi ne, “A huta lafiya, Baba.” Na ja da baya na ɗauki takalmina.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama Madabo ta tsallaka Yakasai. Ba wanda ya ce mini ɓarawo, a birni ba a yin haka. Sai dai gaisuwa ta gajarta, kuma in na zauna a majalisa sai hira ta koma kan damina. Wanda ya fi ƙona mini rai wani mai babur ne a Gwale da ya tare ni a lungu, ya dafa kafaɗata kamar tare muka tashi, ya rage murya ya ce in akwai ragowa zai riƙa saya, ba mai ji ba mai gani. Da ƙyar na hana hannuna tashi. Na kai kuka wurin mahaifina, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce uban matata ubana ne, in yi haƙuri. Matata kuwa ta daina tambayata yadda na baro hanya, kuma shirun nan nata ya fi dariyar zaure ciwo.

Sai aka ce a gaya wa direba tafiya mai zuwa da Alhaji za a yi. Ya shigo gaba ya zauna a gefena, babbar riga ta cika kujera, karan a kan gwiwarsa. Zuwa ba a sami matsala ba, mota ba kaya. Da aka loda mata gyaɗa muka juyo da rana tsaka, muka faɗa yashi, ta fara tarin nan nata. Hannuna ya tafi kan cok da kansa. Sai na ji karan ya sauka a bayan hannuna, ba da ƙarfi ba.

“Ranar gwaji ban ga an taɓa wannan ba,” in ji Alhaji, idonsa na kan hanya.

Ashe ya yi tambaya. Wani ya gaya masa direbobi suna da wani maɓalli da yake ɓarar da mai, shi kuma ya zo da shirin cewa zan ɓarar a gabansa don in rufe satar baya.

Daga ni sai shi a cikin motar, ba matata, ba Inna, ba mai tausasa zance. In da akwai ranar da zan ce, “Baba, injin zai ƙone,” to ita ce ranar. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta rufe mini baki. Ƙarya ne. So nake ya ƙone. Na zaci ƙonannen inji zai yi mini maganar da ni na kasa yi, kuma ina so tsohon nan ya ji ƙaurin da hancinsa. Na mai da hannuna kan sitiyari.

Tun daga nan ina jin tana mutuwa a ƙarƙashina. Na san kukan motar nan kamar yadda uwa ta san na ɗanta, na san lokacin da ya sauya. Sau biyu na tsaya a rijiya na ƙara wa lagireto ruwa, Alhaji yana zaune bai tambaya ba, ni ban faɗa ba. Zafi yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu har ya tattare rigarsa. Can ta fara ɗingishi, ƙarfinta ya zube, ƙaramin tudu ma sai na koma giyar farko. Ina son motar nan, kuma ni nake kashe ta, ina yi ina jin wani mugun daɗi da har yau nake jin kunyarsa. Mun hango dutsen Dala, ganuwa tana gabanmu, ta yi wata ƙara ta baya, ta yi shiru. Na sauka na sa handul, ƙarfen tayar da inji, na juya, na ji shi sakayau kamar ba inji a ciki.

La'asar ce, masu shiga gari da masu fita suka taru. Alhaji ya sauko. Ko kallon injin da yake hayaƙi bai yi ba. Ya zaga ya buɗe tanki ya zura kara, ya zaro ya ɗaga sama don kowa ya gani. A jiƙe yake har sama da inda ya saba tsayawa.

“Yau da nake ciki,” ya ce, “ga shi nan.”

Wannan ne ban hango ba, don fushi ya rufe mini ido. Na ƙona motar da nake so, na kuma ba shi shaidar da yake nema da hannuna. Jakuna aka kirawo suka kwashe gyaɗar.

Aka ja motar zuwa Fagge wurin wani bakanike da ya koyi aikin a soja. Mu uku ne kawai a garejin ranar da ya buɗe kan injin. Ya zaro bawul biyu, bakinsu ya cinye kamar ɓera ya gaigaya. Ya kwance jet ya leƙa, ya kankare shi da farce ya ga azurfa. Shi ba surukin kowa ba ne.

“Alhaji, wa ya yi muku wannan aika-aika? Yunwa ce ta kashe motarku.” Ya juyo wurina. “Tun yaushe take tafiya a haka?”

Na ce wata biyu.

“Da cok kake tafiya ke nan.”

Na ce e.

“To Alhaji, man da kuke nema nan ya tafi. Ba don ya yi haka ba, da tun makon farko kun zo nan.”

Alhaji ya karɓi ɗan ƙarfen ya juya shi a tafin hannu, ya juya, ya jefa a aljihu. Ya fita abinsa. Ni kuwa na koma gida ranar kamar an sauke mini buhu daga ka, na ce da matata ta saurara, gobe za ta ji labari daga zauren Babanta.

Gobe ta wuce, mako ya wuce. Abin da aka ji daga zauren shi ne Allah ya yi wa tsohuwar mota ƙarshe. Maƙerin yana nan a gurbinsa na kullum ana shan hira. Bakaniken, Allah ya saka masa, ya ce in ina so zai zo har Madabo ya maimaita a gaban kowa. Da na gaya wa mahaifina sai ya ajiye allura, abin da ba ya yi, ya ce ranar da na kawo baƙo ya ƙaryata surukina a zaurensa, in nemi wani gidan da zan riƙa zuwa gaisuwa. Alhaji ya sayar da motar a yadda take. Bayan kwana biyu matata ta dawo daga gidansu da riga sabuwa mai aiki, wai Baba ya ce a ba direba. Na ce ta mai da ita akwatinta, kada in sake ganinta. Daga nan ba wani ɗan kasuwar birni da ya sake ba ni mukullin mota. Sai can bayan tashar jirgi na sami ta jigilar marmara, inda ba a san ni ba.

Kamar shekara biyu bayan haka Alhaji ya kwanta ciwo, aka aiko wai yana nemana. Na je da hantsi. Zauren cike da masu dubiya, mutanen nan dai na kullum, na gaishe su suka amsa a gajarce. Aka shigar da ni turaka. Ya rame, muryarsa ta koma ciki. Ya ce da Inna ta fita, ta ja ƙofa. Na durƙusa a bakin shimfiɗa.

“Na san ba ka taɓa man nan ba,” ya ce.

“Tun yaushe, Baba?”

“Tun Fagge.” Ya yi numfashi. “Ka yafe mini.”

Ta ƙofar ina jin muryoyinsu a zaure, wani yana ba da labari ana tayawa. Tsakaninmu da su bai fi taku goma ba.

Na ce, “Baba, mutanen suna zaure. In kira muku su?”

Ya daɗe yana kallon ƙofar. Na ga leɓensa ya motsa, har na fara yunƙurin tashi. Sai ya juyar da kai wajen bango.

“Bar su. Wannan tsakaninmu ne.”

Na jira, ko zai sake magana. Bai sake ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fita. A zaure suka tambaye ni mai jiki, na ce da sauƙi, na sa takalmina.

Bai kai Juma'a ba ya rasu. Na yi masa salla, na ɗauki makara, na zauna zaman makoki kwana uku ina karɓar gaisuwar mutanen da suke ganina ɓarawo. Matata ta tambaye ni sau ɗaya abin da Baba ya ce mini a ɗaki, na gaya mata, ta tambaye ni me na amsa, na gaya mata. Ta yi kuka ta ce ai mutum ne a bakin kabari. Na ce na sani. Yau na wuce shekarun da ya mutu a kansu, na san nauyin abin da ya roƙa, kuma na sha zama bayan salla ina neman kalmar yafiyar nan a bakina don in ba shi. Har yanzu ba ta zo ba.